Tambayi Likita: Gwajin Gano Asalin Funfuna Mai Sa Cuta

Likita, mahaifina ya warke daga tarin tibi, amma tarin bai tsaya ba, har da jini. An ce funfuna ce a huhunsa, kuma sai an yi gwajin DNA. Ba a iya ganinta da madubin likita ne?

Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Tibi kan bar kogo a huhu, funfunar da ake kira Aspergillus ta samu wurin zama, wani lokaci ta dunƙule kamar ƙwallo. Ana ganinta kam. Idan aka shuka kakin mara lafiya a faranti, cikin 'yan kwanaki za ta tsiro, shuɗi-shuɗi da kore, kamar ƙura. Sai dai kama da wane ba ta wane. Akwai Aspergillus lentulus, wadda sai a 2005 aka bambanta ta da Aspergillus fumigatus, don a ido kusan ɗaya suke, amma ita lentulus magani bai cika kama ta ba. Shi ya sa ake ciro DNA ɗinta, a ninka shi da na'urar PCR, a karanta wani yanki mai suna ITS, wanda masana suka amince da shi a 2012 a matsayin shaidar gane funfuna. Ga dangin Aspergillus ma ITS ba ya wadatarwa, sai an haɗa da wani yankin DNA ɗin mai suna beta-tubulin.

Ranka ya daɗe, da gaske ne funfuna na bijire wa magani?

Ƙwarai, Malam. Wani sauyi a ƙwayar gadon funfunar da ake kira cyp51A, mai lamba TR34/L98H, yana dakushe magunguna irin su itraconazole. Masu bincike a Holan sun danganta shi da maganin feshin gona, wanda danginsu ɗaya da na asibiti. Wato mutum na iya shaƙar mai taurin kan, bai taɓa shan maganin ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. In marasa lafiya uku suka kamu a ɗaki ɗaya, wuri guda suka ɗauko ta?

Ba lallai ba, Sista, don iskar da muke shaƙa ba ta rabuwa da ƙwayoyinta. Sanin jinsi bai isa a nan ba, sai an bi salsala. Akwai gwajin STRAf da ke duba wurare 9 inda DNA ke maimaita kansa, kamar zanen yatsa. Wanda ya fi shi shi ne karanta DNA ɗin gaba ɗaya. A Amurka a 2012, gurɓatacciyar allura ta sa wa mutum sama da 750 cuta, fiye da 60 suka rasu. Da aka karanta DNA ɗin funfunar da ta jawo cutar, Exserohilum rostratum, ta jikin marasa lafiya da ta cikin kwalaben, kusan babu bambanci.

Ni dai in na ga uku a jere, kafin sakamako ya fito zan leƙa ko ana gini kusa da ɗakin, in kuma sa a duba matatar iska.