Tambaya da Amsa: Lamborghini tsohuwa ko Toyota GT86?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Yamai. An yi mini tayin Lamborghini Gallardo ta 2006 daga Dubai, ga kuma Toyota GT86 ta 2015 a Lome. Kuɗin Gallardon ya ninka na Toyotar wajen sau biyar. Ina da halin sayen kowacce. Wacce ce kuɗinta bai tafi a banza ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A takarda Gallardo ce gaba, babu gardama. Injinta V10 ne, wato mai silinda goma, lita 5, ƙarfin doki 520, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4 ko kusa da haka, kuma tana wuce 300. GT86 silinda huɗu gare ta, lita 2, doki 200, tana buƙatar daƙiƙa 7.6. To amma mota ba a takarda ake tuƙa ta ba. Abin da muke so ka lissafa shi ne kwana nawa za ta yi bisa kwalta a shekara, kwana nawa kuma bisa jak a garaji.

Mu fara da kuloci, don nan ne Gallardo ke cinye aljihu. Yawancinsu suna da giyar da ake kira e-gear. Ba otomatik ba ce ta gaske: giyar hannu ce mai kuloci ɗaya, sai dai kwamfuta da famfon mai ne ke taka maka shi. Idan kana rarrafe a cunkoson gadar Kennedy, ko kana ja da baya kan ɗan tudu, kwamfutar tana barin kulocin yana zamewa, yana zafi, yana cinyewa. Canza shi sai an sauke giyar gaba ɗaya, bayan nan kuma sai an saita wurin kamawarsa da na'urar da ta san motar. In ba a saita daidai ba, sabon ma ba zai daɗe ba. Lamborghini ba shi da dila a Nijar, don haka ko dai ka ɗauko makaniki daga waje da tikitin jirgi, ko motar ta koma jirgin ruwa. Kafin ka biya ko dala, a sa na'ura a karanta maka kashi nawa na kulocin ya rage. Motar tana ajiye wannan lissafin.

Sai taya. Gallardo tana ɗaukar taya mai girman 235/35 R19 a gaba, 295/30 R19 a baya. Kaurin gefen tayar gaba bai wuce santimita 8 da ɗan kai ba, rami ɗaya a hanyar Doso ya isa ya fasa ta ya lanƙwasa janti. Kuma da yake ƙafa huɗu ke ja, ba a haɗa mata taya barkatai: in faɗin zagayen gaba da na baya suka saɓa, abin da ke raba ƙarfi tsakaninsu ne zai wahala. GT86 kuwa 215/45 R17 ce duka huɗun, girman da ba ya wuyar samu. Ita ma ƙasa-ƙasa ce, wajen santimita 13 tsakaninta da kwalta, sai an hau tudun rage gudu a karkace. Gallardo ta fi ta kwanciya, kuma lagiretocinta suna can ƙasa cikin hancinta, inda yashi da leda ke taruwa. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, toshewa kaɗan ta isa allurar zafi ta tashi.

Baƙin mai: wajen lita 10 ga Gallardo, ƙasa da lita 6 ga GT86. Fetur a cikin gari Gallardo ta fi lita 20 a kilomita 100, Toyotar ba ta kai rabin wannan ba in ana tuƙin hankali a doguwar hanya.

Ra'ayinmu: sayi GT86. Nauyinta bai kai kilo 1,300 ba, baya ke ja, injinta a shimfiɗe yake ƙasa, kuma daɗinta yana fitowa a gudun da hanyoyinmu za su iya ɗauka. Gallardo ba ta fara nuna kanta sai a gudun da jaki ko raƙumin dawa na Kure zai iya zama ajalin mutum. Wanda yake da wasu motocin hawa, da garaji mai rufi, da kuɗin ajiya na gyara duk shekara, shi ne kaɗai za mu ce ya gwada.

Tambaya: Daga Tawa. Tun da GT86 Toyota ce, ashe kowane makaniki zai iya gyara ta?

Amsa: A'a, Malam. Tambarin Toyota ne, injin na Subaru ne, sunansa FA20, kuma ita da Subaru BRZ da Scion FR-S ta Amurka mota ɗaya ce. Kayan Corolla ba sa shiga. Buji suna gefe da gefe, a matse da jikin mota, ƙa'idar kamfani ita ce a ɗan ɗaga injin kafin a cire su. Mai gaggawa yana iya karya wani abu. Injin yana matse iska da fetur sosai, ninki 12.5, shi ya sa a Turai aka ba da shawarar zuba mata fetur mai jure matsi, mai lamba 98. Man kwalba na bakin hanya kada ya kusance ta: in injin ya fara ƙwanƙwasa, kwamfuta za ta rage ƙarfi don ta kare shi, amma ruwa da datti suna lalata allurorin mai. Baƙin manta mai lamba 0W-20 ne. Lokacin hunturu a duba matatar iska duk wata, a rage tazarar juyen mai. In ta 2012 ce ko 2013, nemi takardar da ke nuna an canza sifirin ɗin bawul, domin kamfanin ya yi kiranyen waɗannan a 2018 saboda suna iya karyewa.

Tambaya: Ba a ce irin su Lamborghini darajarsu tana tashi ba?

Amsa: Wasu ƙalilan ne, kamar Gallardo mai giyar hannu zalla. Amma wannan motar an ƙera ta fiye da 14,000 tsakanin 2003 da 2013, mai saye a Turai ko Dubai yana da zaɓi, kuma littafin sabis mai hatimin dila yake fara nema. Kuɗin duwan da na jigila da ka kashe wajen shigo da ita ba ya dawowa ranar sayarwa.