Amsa ga ɗan'uwan da ke shirin hawa Ben Nevis a Janairu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, cewa ku uku ne za ku hau Ben Nevis, dutsen nan na Scotland, a sati na biyu na Janairu kafin a koma karatu, kana son sanin ko kambas ɗinka da jaket ɗin da kake zuwa aji da ita za su wadatar, tunda an ce maka hanyar a shimfiɗe take. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, domin irin lissafin da na yi ke nan shekarar da na zo Glasgow, kuma ban ji da daɗi ba.

Wanda ya ce maka hanyar a shimfiɗe take bai yi ƙarya ba, sai dai ka tambaye shi a wane wata ya hau. Mu ma wanda ya ja mu a watan Agusta ya taɓa hawa, sau ɗaya tak, amma ya riƙa yi mana magana kamar a can aka binne cibiyarsa. Mu huɗu ne, ƙarshen Disamba. Sai ƙarfe 10 da rabi muka bar Glen Nevis, kwarin da ke gindin dutsen, saboda shi ya makara, alhali tafiyar zuwa da dawowa wajen kilomita 17 ce, ko da bazara tana cin awa 7 zuwa 9. A ƙarshen Disamba kuwa rana ba ta fitowa sai kusan 9, kafin 4 ta faɗi. Ka lissafa da kanka. A ƙasa yayyafi kawai ake yi, ciyawa kore shar, har muna cewa ashe abin zuzutawa ne. Daga inda ake tsallaka rafin Red Burn, wajen rabin hanya, labari ya canza. Duwatsun da aka jera kamar matakala duk ƙanƙara ta lulluɓe su kamar an zuba gilashi, sama da nan kuma hanyar ta ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara.

Ƙaramin cikinmu yaro ne da bai fi wata uku da zuwa ba. Santsi ya kwashe shi, ya gangara a kan bayansa, Allah Ya sa wani dutse ya tare shi. Ya tashi yana rawar jiki, wandon jins ɗinsa ya jiƙe jagab. Na ce mu juya. Sai jagoran namu ya dube ni ya ce wai ba a san namiji da tsoro ba, saura kaɗan, ya biya kuɗin jirgin ƙasa ba zai koma ba hoto ba. Ya ja ɗayan suka yi gaba. Taswirar tana wayarsa, tocilan ɗaya da muke da ita tana jakarsa. Ko waiwaye bai yi ba. Har yau idan na tuna bayan jaket ɗinsa yana shigewa cikin hazo sai raina ya ɓaci. Mun ci abinci a kwano ɗaya da mutumin nan, mun yi sahu ɗaya a masallaci. Na yafe masa don Allah, amma ban ƙara bin sa ko zuwa kanti ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne har yanzu bai ga laifinsa ba, yana ba da labarin ana dariya.

Mun ɗan bi sawunsu saboda tsoron zama mu kaɗai, kafin minti goma iska ta share sawun. Ɗan'uwa, ba zan iya kwatanta maka farin nan ba. Ba irin hazon hunturu ba ne da kake hango inuwar bishiya. Sama fari, ƙasa fari, ba ka san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba, ba ka ma san ko hawa kake ko sauka ba. Na ciro waya, batir ɗin da ya haura rabi sanyi ya kashe shi nan take. Yatsuna sun ƙi jan zif. Yaron ya fara magana baki na karkacewa, yana cewa in bar shi ya ɗan zauna ya huta, barci yake ji. Daga baya na san wannan alama ce sanyi ya fara cin ƙarfin jiki, kuma wanda ya kwanta a haka ba lalle ya tashi ba. Ni dai na riƙe hannunsa ina ta Hasbunallahu, ina tunanin da wane baki zan kira mahaifiyarsa.

Wani dattijo Bature da matarsa ne Allah Ya jefo mana, suna saukowa. Ya duba kamfas ya ce mun karkata, mun nufi kwazazzabon da ake kira Five Finger Gully, inda mutane suka sha halaka. Haka abin yake faruwa: mai saukowa yana tsoron gangaren arewa da ke damansa, mai zurfin ɗaruruwan mita, sai ya yi ta matsawa hagu har ya faɗa ɗaya tarkon. A bakin gangaren arewan ma iska tana gina wani leɓe na dusar ƙanƙara da ke rataye a kan iska, ka ɗauka ƙasa ce ka taka. Matar ta ba yaron shayi daga filas, ta sa masa wata riga, suka sa mu a tsakiya har ƙasa. Mun iso cikin duhu. Ko sunansu ban tambaya ba, wannan ma yana damuna.

To, kambas ba zai yi ba, ka cire shi daga zancen. Ana buƙatar takalmin hawan dutse mai taurin ƙasa, da ƙarfen nan mai haƙora da ake ɗaura masa, kiramfon, da gatarin ƙanƙara, kuma a Fort William, garin da ke kusa da dutsen, ana ba da hayarsu. Sai dai riƙe gatari ba tare da ka koyi tsayar da kanka da shi ba idan ka zame, kaya ne kawai ka ɗauka. Kada ka sa auduga a jikin fata, tana shan gumi ta daskare a kanka. Safar hannu guda biyu, kowa da tocilan ɗinsa ta goshi, kowa da taswirar takarda. Kowa, na ce, ba mutum ɗaya ba. Dutsen mita 1,345 ne kuma kusan daga bakin teku ake fara hawansa, don haka sama ta fi ƙasa sanyi da wajen digiri 8 ko 9 tun kafin a sa iska a lissafi. Wajen saukowa, daga alamar ƙololuwa ana bin digiri 231 na tsawon mita 150, sannan a koma 282. Idan ka karanta wannan ba ka gane abin da ake nufi ba, to ka samu amsar tambayarka, ka bari sai Yuni, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauki ƙwararren jagora na yini ɗaya.

Ka duba hasashen MWIS na yanayin duwatsu da rahoton SAIS na zaftarewar dusar ƙanƙara a yankin Lochaber inda dutsen yake, ba hasashen gari na waya ba. A Maris 2019 zaftarewa ta kashe mutum uku a kan dutsen nan. Idan abu ya ɓaci 999 ake kira, a nemi 'yan sanda, a ce masu ceton kan dutse ake so, kuma ka sani masu zuwan 'yan sa-kai ne da ke barin iyalinsu cikin dare.

Batun salla ma ka tsara shi, domin azahar da la'asar da magariba a matse suke a wannan watan, duk a kan dutsen za su same ku. Ka fita da alwalarka, ka tambayi malami hukuncin haɗa salla da taimama tun kafin tafiya. Ni ranar sai a masauki na rama, hannuna na zafi kamar an sa a wuta.

Su biyun da za ku tafi tare, ka zaunar da su tun a gida ku yanke lokacin juyawa, misali ƙarfe 12 da rabi ko an kai ko ba a kai ba, kuma idan ɗaya ya ce a koma kowa ya koma. Wanda ya fara musu a kan wannan, don Allah kada ka bi shi. Ka yi mini magana ta akwati, ina da taswira da kamfas da tocilan biyu da zan ara maka.