Ni ma ƙafata ta yi min haka a sati na uku

'Yar'uwa, sannu. Kin ce yau sati uku da aka haɗe miki ƙashin baya, amma ƙafar hagu na zogi kamar ana zuba mata garwashi, har kina tsoron aikin bai yi ba. Wallahi kamar da bakina kika yi magana. Ni L4 da L5, wato ƙasusuwa biyu na ƙasan baya, aka haɗe min, kusoshi 4 da sandunan ƙarfe 2. Jijiyar da ta daɗe a matse ba ta hucewa dare ɗaya, ga kumburin aikin kuma. Tawa sai a wata na huɗu ta lafa, ƙashin kuwa yakan ɗauki wata 6 zuwa 12 kafin ya gama kamawa.

Darena na biyu a asibiti ba zan manta da shi ba. Fitsari ya matse ni, na kasa juyawa, na danna ƙararrawa har yatsana ya gaji. Da ma'aikaciyar ta zo sai cewa ta yi wai raki ne da ni, ta kama hannuna ta fizgo ni zaune, alhali likita ya ce kada a murɗa min baya. Na ƙwalla ihu, ko sannu ba ta ce min ba, ta ja labule ta fita. Haka na kwana ina kallon robar da ke janye jini daga ciwon, ina kuka, na gama yarda ƙarfen ya goce. Hoto ya nuna bai goce ba, amma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Don Allah kar ki bari kowa ya ja ki. In za ki tashi daga gado, ki mirgina gefe, kafaɗa da ƙugu tare, ki sauke ƙafafu, ki tura da hannu. Banda sunkuyo, banda ɗaukar kaya mai nauyi. Ki riƙa takawa kaɗan-kaɗan. Ibuprofen da diclofenac kar ki sha sai likita ya yarda, suna iya jinkirta kamawar ƙashi, haka ma sigari. Magungunan zogin kuma suna ɗaure ciki, na wahala a nan ma, ki sha ruwa sosai.

Amma in ƙafar ta fara rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyinki ya yi sanyi ba kya jin taɓi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko zazzaɓi da ruwa daga ɗinkin, kar ki jira gari ya waye, ki tafi asibiti.

Ki gwada sa filo tsakanin gwiwoyi yau da dare, shi ya fara ba ni barci. Allah ya ba ki lafiya.