Malam, ka fara da abin da ke hannunka, kada ka jira ɗakin kwamfuta

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce shekarun baya ka taɓa gwada koyarwa da kwamfuta aka sage maka gwiwa ka bari, yanzu kuma sha'awar ta dawo, ga aji ya haura mutum tamanin, ga babu wuta, abin da ka mallaka waya ce da tsohuwar laftof, kana tambaya ta ina za ka soma. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta. Ba ka faɗi wanda ya sage maka gwiwar ba, amma duk wanda ya riƙe alli a makarantar gwamnati ya san inda maganar ta dosa.

Ni Bayoloji nake koyarwa. Da kuɗin adashena na sayi majigi na hannu, na ari ƙaramin janareta wurin ƙanina, man ma daga aljihuna. Ranar da abin ya faru ina SS2, muna kan zagayawar jini, na haska musu yadda zuciya ke bugawa a jikin bango, don allon namu ya fashe. Ajin da kullum sai na yi ta buga tebur, ran nan tsit kake ji. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe ƙofofi ne a ciki suke buɗewa suna rufewa?" Shekara nawa ina zana wannan zuciyar da alli ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Yaran wasu azuzuwan suka cika tagogi.

Ana cikin haka sai ga shugaban makarantar da baƙi daga ofishin shiyya. Bai kira ni gefe ba, bai tambaye ni komai ba. A gaban yara ya ce, "Malam, gidan kallo ka buɗe mana?" Ya miƙa hannu ya fizge wayar daga soket. Wanda ya san majigi ya san ba a yi masa haka, sai an kashe shi an bar fankar ta huce ƙwan. Yara suka yi dariya, ba don mugunta ba, yaro ne, amma ni a lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige. Washegari aka miƙo min takardar tuhuma, wai ina nuna fim a lokacin darasi, kuma na shigo da na'ura ba izini. Aka kulle majigin a sito. Sai ƙarshen zango aka ba ni, ya sha ƙura, ƙwan ya mutu, kuɗin sabon ƙwai kuwa ya kusa kuɗin da na sayi majigin gaba ɗaya. Har yau ko "yi haƙuri" ban ji daga bakinsa ba. Mun haɗu a wani ɗaurin aure ya miƙo min hannu yana fara'a kamar ba shi ba. Na bar shi da Allah.

Abin da ya fi ci min rai, mutumin nan yana da ɗaki guda cike da kwamfutocin da aka kawo gudummawa, an lulluɓe su da leda, mukulli na aljihunsa. Ba a buɗewa sai za a yi baƙi. Ran nan za a share, a zaɓo yaran da ke da waya a gida a zaunar da su a gaba, a ɗauki hoto, a rufe. Batiran suka mutu don rashin caji, ɓeraye suka cinye wayoyin. Daga baya na gane lissafinsa: idan yaro ya lalata ɗaya shi za a tambaya, amma wadda ta ruɓe a kulle, in masu bincike sun zo ƙirga ta za su yi su ce kaya sun cika. To Malam, in makarantarku akwai irin wannan ɗakin, cire ranka daga kansa tukuna.

Kafin ka shiga aji da komai, rubuta takarda. Ka nemi izini a rubuce, a sa hannu, ka ajiye kwafi a gida. Ka sa abin cikin tsarin darasinka na mako, wanda mataimakin shugaba ke dubawa, yadda gobe ba mai cewa bai sani ba. Ka gayyaci shugaban ya zauna a darasin farko, in ya so ma ka ce shawararsa ce, me ka rasa? Ka kuma sanar da shugaban PTA ko wani dattijo a SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, don yaro zai koma gida ya ce "Malam ya nuna mana fim", kafin magariba magana ta zaga unguwa ta canza kama.

Ni abin da ya dawo da ni kan koyarwa da kwamfuta JAMB ce. Tun 2015 aka daina rubuta ta a takarda, amma har yanzu muna tura yaran da ba su taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Ɗalibina mafi ƙoƙari ya dawo yana ba ni labari idonsa ya yi ja, wai ɗaga linzamin kwamfutar, wato mouse, yake sama yana juyawa, kibiyar ta ƙi motsi, lokaci na tafiya, ga kunyar tambaya. Alhali ko linzamin ba ya buƙata: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka je gaba, P ka dawo baya, S ka miƙa. Ba wanda ya gaya masa. Ga WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu ta kwamfuta a 2024, gwamnati kuma a 2025 ta ce ita da NECO can za su koma. Saboda haka tsohuwar laftof ɗin nan taka kada ka raina ta. Kasa yaran goma-goma, kowane rukuni da ranarsa, kowa ya zauna ya danna da hannunsa, ko sunansa kawai ya rubuta. Masu jiran layi su zana madannan a kwali su riƙa sabawa da inda harufan suke. Ka lura da 'yan mata da yaran ƙauye, su ne ke noƙewa su bar wa masu waya a gida.

Maganar janareta kuwa ka manta, tun da aka cire tallafin mai a 2023 wa zai iya? Ka cika laftof da caji a gida ko wurin masu caji, ka nemi ƙaramar lasifika mai batir, shi ke nan. Data ma an ƙara mata kuɗi a 2025, don haka kada ka dogara da intanet a cikin aji, yana yanke maka a tsakiyar darasi aji ya watse. Da datar dare nake sauke komai. PhET na Jami'ar Colorado, wato gwaje-gwajen kimiyya a kan kwamfuta, kyauta ne, yana aiki ba intanet, yaro zai haɗa batir da ƙwan fitila ya ga wuta ta kama, ko ya ga yadda ake daidaita lissafin Kemistiri. In Lissafi kake koyarwa nemi manhajar GeoGebra. Kiwix na sauke maka Wikipedia a kan na'ura. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da UNICEF da Microsoft a 2022, a kan manhajar karatunmu aka yi shi, har da darussa cikin Hausa. In wani malami ya riga ya sauke, ku tura wa juna ta Xender, ba sai kowa ya ƙona kuɗinsa ba.

Bidiyo kada ya wuce minti biyar. Yawanci Turancinsu yaranmu ba sa kamawa, ni kashe sautin nake yi in yi bayani da bakina, in tsayar in yi tambaya, sannan mu koma allo su rubuta. In ka bar shi ya yi ta tafiya, to ka tabbatar da maganar masu cewa gidan kallo ne.

Wani abu, don Allah ka kiyaye: in wayarka za ka miƙa wa yara, kashe data ka sa ta a yanayin jirgi, kada saƙon iyali ya faɗo a hannun ɗalibi. Kada ka ɗauki hoton ɗalibai mata ka sa a Facebook, kada ka karɓi lambarsu. In za ka tura aikin gida ta WhatsApp, ta lambar iyaye. Mutuncin malami ƙazafi ɗaya ke zubar da shi, kuma masu jiran ka zame suna nan cikin ɗakin malamai.

Bitar da ake ta kira ta koyar da malamai kwamfuta ma abin haushi ce. In takarda ta zo, sunan 'yan gaban goshi ake turawa saboda alawus, wanda ko kunna laftof bai iya ba ya je ya ci shinkafa ya dawo da jaka, kai da kake yi da aljihunka ba ka ma ji labari ba sai an gama. Ga albashi ba ya kai tsakiyar wata. Kai, bari in yi shiru haka nan.

Lokacin hunturu ka riƙa sa laftof ɗin a jaka, ƙura na toshe fankarta, da zafi kuma kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma. Ka faɗa min darasin da kake koyarwa da ajin, in akwai abin da ya dace cikin waɗanda na tara zan turo maka, ko ka aiko da filash a zuba maka. Allah Ya ba da sa'a, Ya haɗa ka da shugaba mai fahimta.