Shin Akwai Riba a Sayar da Manyan Jatan Lande na Ado?

Wani mai shagon kifin ado a Kano ya rubuto cewa masu saye sun fara tambayarsa manyan jatan lande na ruwan daɗi, masu hannuwa kamar awartaki, domin ajiyewa a tankin gilashi a falo. Yana so ya san ko ya dace ya zuba jari ya shigo da su da yawa.

Alhaji, shawarata ita ce kada ka yi lissafin ribarka a kan kuɗin dabbar, ka yi shi a kan wurin da za ta ci a shagonka. Tankin da zai ɗauki ƙananan kifaye da dama, babban jatan lande ɗaya tak zai riƙe, domin ba ya son maƙwabci: yana tuge tsirrai, yana kama kifi da dare, kuma idan ɗan'uwansa ya yi saɓa jikinsa ya yi laushi, sai ya cinye shi. Saboda haka kowane ɗaya yana buƙatar tanki na kusan lita 100 ko fiye, da maɓoya, da murfi mai nauyi, tunda gwanin hawa ne. Duk ranar da ya kwana ba a saye shi ba, kai ne ke biyan hayar wurin da kuɗin wutar famfon iska.

Batun iri ma yana da muhimmanci. Wanda ake yaɗa hotonsa, ƙaton nan na tsibirin Tasmaniya mai kaiwa kilo da dama, ka cire shi daga ranka, domin an haramta kama shi tun 1998, kuma sai a ruwan sanyi yake rayuwa. Wanda zai iya jure yanayinmu shi ne mai jan awartaki (wato mai launin ja a hannuwansa) na arewacin Ostareliya, wanda ya fi jin daɗin zafin digiri 23 zuwa 31. Ko shi ɗin, zafin Afrilu a Kano yana iya hallaka shi idan wuta ta ɗauke, don haka batir ko sola na cikin jarin, ba ƙari ba ne. Ka kuma raba shi da magungunan kifi masu tagulla, domin suna kashe jatan lande da dodon koɗi baki ɗaya.

Akwai irin da bai kamata ka karɓa ba ko kyauta ne, wato mai zane-zanen marmara, wanda ya ɓulla a Jamus a shekarun 1990. Dukansu mata ne, guda ɗaya kan hayayyafa ba tare da namiji ba, ya mamaye ruwayen Madagaska, kuma Tarayyar Turai ta hana cinikinsa a 2016. Hajar da kowane mai saye zai iya ninkawa a gidansa ba ta daɗewa da daraja, ga haɗarin a zubar da rarar a kogi. Mai jan awartakin ma ya bazu a tafkin Kariba da ke tsakanin Zambiya da Zimbabwe, inda yake lalata kifin da ke cikin ragar masunta.

Idan za ka gwada, ka fara da kaɗan, ka karɓi kafin alƙalami tun ba ka yi oda ba, sannan ka tuntuɓi hukumar NAQS, mai kula da killace dabbobi da tsirran da ake shigo da su Najeriya, kan takardun shigo da su. Ka sayar da dabbar haɗe da tanki, matatar ruwa da abinci a farashi ɗaya, ka kuma ɗora kuɗin zuwa canza ruwa duk wata, domin a nan kuɗin da ba ya yankewa yake.