Amsa: me ya sa layin dogonmu zai shiga har Maraɗi?

Malam, ka tambaya me ya sa za a kashe kuɗin Najeriya a kai jirgi Nijar. Ai galibin layin a ƙasarmu yake: daga Kano ya bi Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, sannan ya tsallaka Maraɗi. Buhari ya ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke yi.

Lissafin gwamnati shi ne Nijar ba ta da teku, a lokacin kayan 'yan kasuwarta ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome suke shigowa, ana so a janyo su tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. Abin da ke damuna dai, a hanyar Legas zuwa Kano, tsakanin Ibadan da Abuja ba a shimfiɗa sabon layi ba tukuna. Kwantenar ta ina za ta bi?