Ka sayi albam ɗin, amma haƙƙin hotunan fa?

Wa'alaikumus salam Malam. Na karanta saƙonka kan albam ɗin da ka saya a kasuwar gwanjo can Ingila, mai hotunan gasar motoci da babura ta Land's End, wadda ƙungiyar Motor Cycling Club ke shiryawa tun 1908, da yadda ka yi sikanin ɗinsu kana wankewa kana sayar wa masu son tsofaffin motoci har wani kamfanin adana hotuna ya aiko maka da takardar neman kuɗi. Na ga wanda ka turo, 'yar motar Austin Seven tana fama da hawan tudun Beggars Roost, tayoyin baya na watsa duwatsu, jama'a sun yi cincirindo a gefe. Dole masu harkar su yi rububinsa, da irinsa suke gane lambar mota da tarihinta.

To amma maganarka ta "ai da kuɗina na saya" a nan gizo ke saƙar. Takardar hoton ka saya, ita kam taka ce, ka rataye, ka sayar, ka yi kyauta. Ikon yin kwafi kuwa haƙƙi ne daban, kuma a dokar Birtaniya ta 1988 ba ya komawa hannun mai saye sai da rubutu da sa hannun mai haƙƙin, rasit ɗin gwanjo bai wadatar ba.

Batun "ai sun tsufa" ma a bi shi a sannu. Gaskiya ne a dokar 1911 shekara 50 hoto yake samu daga ɗaukarsa, sai dai gyaran 1995 ya farfaɗo da haƙƙin wasu da ya riga ya ƙare, ya kai shi shekara 70 bayan rasuwar mai shi, kenan wanda ya ɗauki hoto a 1935 ya rasu a 1960 haƙƙinsa na iya kaiwa ƙarshen 2030. Na ce na iya, domin kowane hoto da hukuncinsa. Juya bayansu ka duba hatimi ko suna, in har ba a san mai ɗauka ba lissafin ya canza, watakila ma ya yi maka daɗi.

Su ma kamfanin ban ga dalilin da za su yanka maka kuɗi ba tare da nuna ko takarda ɗaya ba. Riƙe nagatif, wato asalin fim ɗin da ake wanke hoton daga gare shi, kaɗai ba hujja ba ce. A tambaye su wa ya ɗauka, yaushe ya rasu, ta wace hanya haƙƙin ya zo hannunsu.

Kafin su amsa ka dakatar da cinikin, ka sauke hotunan da ka ɗora a Facebook, ka adana lissafin abin da ka sayar, kada ka goge komai. Kuma don Allah kada ka rubuta musu cewa ka yi laifi, kada kuma ka yi biris da takardar.

Kotu kam ban ba ka shawara ba. Akwai sashen ƙananan ƙararraki na abin da bai wuce fam 10,000 ba, amma ɓata lokacin da zullumin sun fi ƙarfin ribar 'yan hotunan nan. Idan hujjarsu ta tsaya, nemi sulhu, ka biya daidai gwargwado ka karɓi lasisi ka ci gaba da sana'arka, ofishin haƙƙin fasaha na Birtaniya ma yana shiga tsakani. Kafin ka sa hannu a komai, kai wa lauyan da ke aiki a can takardar da albam ɗin ya gani da idonsa.